Sawun Goɗiya a Filin Mallaha

Ranar Sham Nasim ce, bikin shan iska na mutanen Masar, ranar da duk mai ƙafa a Amiriyya ke kwasar iyalinsa tun da sassafe ya nufi bakin ruwa cin kifin gishiri da ɗanyar albasa. Ni ban je ba. Cikina ba ya shiri da wannan kifi, ni kuma ba na shiri da hayaniya. Ina zaune a ƙofar maƙerata ina gyara ƙusoshi, sai na ji ihu daga bargar Haj Shalabi.

Sunana Tadrus, ni ke yi wa dawakin tseren unguwar nan takalma tun da na baro Damanhur. Shi ya sa da na ji ana kiran sunan Zumurruda gabana ya faɗi. Jar goɗiya ce, jinin Ingila tsantsa ta uwa ta uba, ba ta da ta biyu a duk bargogin gefen tafki, kuma mako mai zuwa za ta yi tsere a Iskandariyya.

Na same ta tsaye da ƙafa uku. Ta gaba ta kumbura daga gwiwa har kofato, gumi ya bushe a wuyanta, farin gishiri ya cike kofatanta. Wani ne ya fitar da ita da asuba, ya sukwane ta har jijiya ta tsinke, ya dawo da ita ya ɗaure kamar ba a yi komai ba. Ammu Ashur, tsohon da ke haɗa wa dawakinmu magani, yana durƙushe yana shafa mata laka da ruwan kal mai tsami. An ce a ƙuruciyarsa mahayin tsere ne, amma ni tun zuwana ban taɓa ganin sa a kan ko jaki ba. Likita ya zo ya duba, ya ce za ta rayu, gudu kuwa ta gama.

"Ina Haridi?" in ji Haj Shalabi, mai goɗiyar, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Haridi shi ne sayis ɗinta, mai wanke ta da ba ta abinci. Mutumin kudu ne, ɗan yankin Sa'id, yana zaune da matarsa Nabawiyya da 'yarsu a ɗakin da Haj ya ba su bayan barga. Shi aka bar wa gadi ranar. Ana cikin nemansa sai ga shi ya shigo da yarinyar a kafaɗa, tana riƙe da dafaffen ƙwai da aka rina ja.

Midhat, ɗan Haj, ya yi tsalle ya shaƙe masa wuyan riga. "Ga ɗan iskan nan! Ba kai ka ce za mu gani ba? To mun gani!"

Gaskiya ne, Haridi ya faɗi haka. A makon da ya wuce Midhat ya mare shi a gaban mutane don ya ƙi ɗaura masa sirdi a kan goɗiyar ya je ya yi wa 'yan mata burga, shi kuma Haridi ya ce, "Za ku gani." Sai kuma wani ya ɗago takalman robar Haridi daga bakin turke, duk sun yi dumu-dumu da gishiri. Shi ke nan fa. Mutanen da jiya suke cin wake kwano ɗaya da shi suka fara, ai dama mutanen kudu riƙo gare su, ai dama masu shiru-shirun nan su ne abin tsoro. Aka ɗaure masa hannu a gaban 'yarsa, aka jefa shi ɗakin ajiyar sha'ir aka kulle.

Ni kuma bakina ba ya ajiya. "Ya Haj, ko ni na ga dama sai in zura ƙafata a takalman nan. A bakin ƙofa suke kwana."

"Tadrus, ka tsaya a ƙarfenka."

"Na tsaya. Amma a kira Abdulwanis tukuna. In ya ce Haridi ne, ni zan raka shi wurin 'yan sanda."

Haj ya dube ni kamar ya ci ni ɗanye. "Yau hutu ne, ya ci sa'a. Gobe da hantsi zan miƙa shi, matarsa kuma ta kwashe komatsanta daga ɗakina. Kafin nan ka kira ko aljani ne."

*

Abdulwanis mai bin sawu ne, ɗan ƙabilar Aulad Ali daga wajen Hammam, dogo, ramamme, da siririyar sanda da ba ya rabuwa da ita. In raƙumi ya ɓace ko an fasa rumbu, shi ake kira, kuma abin da ya rantse a kai ko Haj ba ya musu. Abin da ke ba ni haushi da shi ɗaya ne, sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa rabin guda.

Ya juya takalman robar, ya leƙa cikinsu, ya ajiye. Sannan ya tsuguna a bakin ƙofar da aka kulle Haridi.

"Ɗan'uwa, ina ka je?"

"Bakin kwata, ya Shehu. Yarinya ce ta yi ta kuka, duk yaran layi sun tafi. Na ce bari in kai ta in dawo."

"Yaushe ka fita?"

"Ana idar da sallar asuba."

"Wa ya gan ka?"

"Duk wanda ke da ido. Amma yanzu ba wanda zai ce ya gan ni."

"Ka iya hawa?"

"Ni nake motsa ta kowace safiya."

"Kuma ka ce za su gani."

"Na faɗa. Nufina zan bar musu aikinsu in koma garinmu. Wallahi da in taɓa ƙafar Zumurruda gara in yanke tawa." Muryarsa ta karye. "Ya Shehu, Nabawiyya ta je famfo ɗazu, matan layi suka janye bokitansu daga kusa da nata. Ina jin su daga nan."

Abdulwanis ya miƙe ya nufi ƙofar baya.

*

A ƙofar baya akwai sawun takalmin birni mai tsini, sabo, da guntayen taba. Na ce a raina, alhamdulillahi, Midhat ne. Ba na ƙaunar yaron nan, ba kuma na ɓoyewa.

Muka same shi yana goge motar ubansa. Abdulwanis ya nuna masa guntun taba a tafin hannu.

"To, sai me?" in ji Midhat. "Bargar ubana ce."

"Da asuba?"

Ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya rage murya. "Daga birni nake, ban kwana gida ba. Na tsaya a nan in jira Haj ya fita masallaci in lallaɓa. Don Allah kada ka gaya masa."

"Ka ga goɗiyar?"

"Ban leƙa ba."

Abdulwanis ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan tumbinsa. "Je ka. Goɗiyar ba ta ɗauki buhu irinka ba. Wanda ya hau ta bai fi ɗan akuya nauyi ba."

Na so in yi dariya, sai na tuna Haridi ma siriri ne kamar sandar rake, dariyar ta koma.

*

Daga ƙofar baya zuwa ƙarshen gonakin ɓaure ba abin da ya rage, masu zuwa shan iska da garken tumaki sun tattake komai. Sai da muka fita fili, farar ƙasar gishirin nan da muke kira Mallaha, sannan sawu ya fito sarai. Ba komai a wurin sai ƙaya da wasu turaku masu jan kai da ma'aikatan gini suka kakkafa kwanan nan.

Abdulwanis yana tafe yana nunawa da sanda. Goɗiyar ta zo a hankali har gindin wani guntun dutse da ya kusa nutsewa a ƙasa. A nan ta tsaya, ta ɗan yi rawa, aka juya ta.

"Ya daɗe a nan," in ji shi. "Kamar mai jiran a ce masa tashi."

Daga nan ta zabura. Ko ni da ba mai bin sawu ba na ga tazarar, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, goɗiyar nan ba ta taɓa gudu irin wannan ba. Ta bi gefen tafki tana karkata dama, alhali a filin da muke tsere yanzu hagu ake zagayawa. Muka bi ta har can nesa, sai Abdulwanis ya ja burki.

Fili ne shimfiɗe, ba dutse, ba rami, ba ko kara. Amma sawun ya kauce, ya yi baka kamar mai zagaye wani abu, sannan ya dawo layinsa. A ƙarshen bakan ƙasa ta burma da ƙafarta ɗaya. Taku kaɗan gaba, ga sawun takalman roba, mutumin ya sauka yana jan ta a hankali.

"Tsorata ta yi?" na tambaya.

"A'a. Dokin da ya tsorata watsewa yake. Wannan hannu ne ya ja ta, tun daga nesa ya fara shirya mata."

"To me ya kauce wa?"

"Abin da nake tambayar kaina ke nan, Usta." Haka ake kiran mai sana'a irina a nan.

"Takalman fa?"

"Na Haridi ne. Ƙafar ciki kuma tana yawo, ta yi musu ƙanƙanta. Amma in na gaya wa Haj haka, cewa zai yi mutum mai jan gurguwar goɗiya dole tafiyarsa ta canza. Kuma ba zan iya rantsewa ba haka ba ne."

Ya daɗe tsugune yana kallon wurin da ba komai.

*

Hanyar komawa ta bi ta bayan bargar Kawaja Istawro, Bagirken da ya rage mana, wanda dokinsa ne zai kara da Zumurruda. Tun safe wasu ke raɗe-raɗin ko shi ya ba Haridi wani abu. Muka same shi a inuwar inabi, ya cika kujera ya batse.

"Kun zo kama ni?" in ji shi. "Tadrus, kai ma? Shekara nawa kana cutata a kuɗin ƙusa ban kai ka ƙara ba?"

"Kai za ka fi kowa cin riba, ya Kawaja."

"Riba? Ni so nake in kayar da ita a gaban mutane, Shalabi yana kallo, in ga fuskarsa. Yanzu in na ci wa zan yi wa dariya? Mahayina kuma yana Alƙahira wurin uwarsa, ku je ku tambaya."

Abdulwanis ya karɓi kofin gahawa, ya ce, "Wane ne zai tayar da doki daga guntun dutsen nan na Mallaha, ya zagaya dama?"

Kawaja ya ajiye kofinsa. "Dama? Daga dutsen?" Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. "Wannan ai Tseren Mallaha ne. Kuma yau ce ranarsa."

Ni sunan kawai na taɓa ji. Kawaja ya gyara zama, idonsa ya yi wani iri.

"Kakana na cikin waɗanda suka fara shi. 'Yan kasuwar auduga suka kawo dawaki, shehunan sahara suka ba da fili. Sau ɗaya a shekara, ranar Sham Nasim. Ba dokin Larabawa, ba ruwa biyu, jinin Ingila kawai, don nisan ba kowane doki ke iya kai shi ba. Jirgin ƙasa guda ake cikowa daga birni, a kafa tantuna, mata da laimomi, masu kifi, masu ganga. Wanda ya ci a miƙa masa kofin azurfa cike da gishirin filin, ya ɗanɗana a gaban kowa. Na ga manyan mutane suna kuka saboda gishirin nan."

"Me ya kashe shi?"

"Shekarar da sarki ya bar ƙasar aka yi na ƙarshe. Ni lokacin babana ya tura ni Atina karatun da ban yi ba. Na dawo na tarar babu. Wasu suka ce juyin mulki ne, wasu suka ce hatsari aka yi, mutanenmu kuma kowa na ɗaure kaya, ba mai bakin ba da labari."

"A can ƙarshen tafki, inda ake juyawa, akwai wani abu?"

"Oho. Mu muna tanti wajen layin ƙarshe muna shan abin da muke sha. Ku tambayi Zakiyya, a can take kafa tukunyar shayinta."

*

Sitti Zakiyya ta tsufa har ta gaji da tsufa. Muka same ta a ƙofar gida tana ɓare tafarnuwa, ido ya tafi amma baki na nan daram.

"Tadrus maƙeri, warin gawayinka ya riga ka isowa. Wa ka kawo mini, miji?"

"Baƙo ne, ya Sitti, yana tambayar Tseren Mallaha."

"Allah sarki. Wa ya tuna da shi?"

Abdulwanis ya zauna a ƙasa kusa da ita. "Uwata, a inda kike sayar da shayi, me dawaki ke zagayewa?"

"Rijiya mana. Tsohuwar rijiya mai bakin dutse, tun ta mutanen da. Daga ita nake ɗiban ruwa. Duk mahayin da ya san filin tun daga nesa yake fara jan linzami, in ba haka ba ta cinye shi."

"Yanzu babu ita."

"An cike ta, an bi da mota an daidaita. Bayan abin da ya faru wa zai sha ruwanta?"

Ta ajiye tafarnuwar. Ta ce a tseren ƙarshe wani yaro Rajab ne a gaba, mahayin da ba a yi kamarsa ba, ƙanensa na biye da shi a kan wani doki. Rajab ya matse rijiyar don ya rage hanya, kofato ya daki dutsen, doki ya kifa ya danne shi a bakinta.

"A gabana, ɗana. Ko shurawa bai yi ba. Ƙanen nan hanya ta buɗe masa, ba kowa a gabansa, kofi nasa ne. Sai ya diro daga kan doki yana tsakiyar gudu, ya rarrafo wurin ɗan'uwansa. Sauran mahaya suka ja linzami. Ba wanda ya kai layi ranar, ba a ba kowa kofi ba. Shehunan suka ce ƙasarsu ta sha jini, ba za a ƙara ba. Da shekara ta zagayo kuma masu roƙonsu duk sun hau jirgin ruwa sun bar ƙasar."

"Ƙanen yana raye?" in ji Abdulwanis.

Ta buɗe baki, sai ta tsaya. Labarin goɗiyar ya riga ya zaga unguwa, kuma tsohuwar ba wawuya ba ce. Ta kai hannu ta rufe bakinta.

"Na tsufa," in ji ta. "Na manta."

"Ba komai, uwata."

Mun miƙe za mu tafi ta kamo gefen rigarsa. "Ɗan sahara, sawu ba ya ɓacewa ne wani lokaci? Iska ta taso, ta share?"

"Yana ɓacewa."

"To?"

"Akwai mutum a kulle, uwata. Yana da 'ya."

Ta sake shi. A hanya na dame shi da tambaya, wane ne, wane ne, ya ce in bari sai gobe. Na zage shi da shi da sandarsa, bai ko waigo ba.

*

Da safe Abdulwanis ya tara mu a Mallaha, Haj Shalabi da Midhat, Kawaja Istawro yana haki, ni, Ammu Ashur da aka taso daga wurin goɗiyar, da Haridi hannu a ɗaure. Rabin unguwa suka biyo mu, ya sa suka tsaya daga baya. Ya ja layi a ƙasa, ya je can gaba ya kafa sandarsa, ya dawo. Ni kaɗai na lura cewa wurin nan da ba komai yana tsakanin layin da sandar.

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Daga nan zuwa sandar. Ina so in ga tafiyar kowa."

"Har ni?" in ji Haj.

"Kai ne farko, ya Haj, don kada wani ya ji kunya."

Haj ya taka yana ƙunƙuni, ya miƙe sak har sandar. Midhat ya bi. Kawaja ya bi yana cewa in ya faɗi mu za mu ɗauke shi. Na bi. Haridi ya bi, kansa a sunkuye, ya ratsa ta tsakiyar wurin bai ko san akwai wani abu ba.

Saura Ammu Ashur. Ya taho a hankali, ɗan ƙaramin tsoho, ƙafafu a gwame irin na mahaya. Da ya kai gab da wurin sai ya tsaya cak.

A nan na gane, kuma wallahi ji na yi kamar an zuba mini ruwan sanyi. Mutumin nan shi ya yi mini jagora ranar da na sauka a unguwar, shi ya wanke gawar rabin iyayen mutanen da ke tsaye a bayanmu. Ya ɗago ya dubi Abdulwanis, Abdulwanis ya dube shi. Ya san abin da ake yi. Da ya ɗaga ƙafa ya taka ya wuce kamar kowa, magana ta ƙare, don ba wata hujja da ta rage, kuma ba mai yarda da zarginsa ko da an rantse da littafi.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya karkata, ya zagaye, ya dawo layi ya isa sandar.

Abdulwanis ya kira Haj, ya nuna masa sawunmu biyar da suka miƙe, ya nuna na shida da ya yi baka, ya nuna na goɗiyar a gefensa, baka ɗaya kamar an auna. Ya ce, "A nan akwai rijiya da. Wanda ya hau goɗiyarka yana ganin ta har yanzu."

"Ammu Ashur?" in ji Haj. "Kai?"

Tsohon ya zauna a ƙasa. "Ni ne, ya Haj. A nan Rajab ya mutu, ba zan iya taka wurin ba."

"To me ya kai ka? Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Turakun nan na gani, aka ce bana za a fara gini. Shekara talatin da wani abu ina zuwa nan duk ranar Sham Nasim in tsaya in koma. Jiya na ga Haridi ya fita, na ga goɗiyar, ita kaɗai ce a unguwar nan za ta iya nisan. Na ce sau ɗaya dai, kafin a dasa gidaje, wani daga gidanmu ya kai layin nan. Ban san ƙasar gefen ta yi laushi ba."

"Ka kai?" in ji Kawaja a hankali.

"Tambayi mai sandar."

"A nan ya sauka," in ji Abdulwanis, ya nuna.

"Nan na sauka wancan karon ma," in ji Ammu Ashur.

Sai kuka. Mata na sharɓe, maza na goge ido da hannun riga, Kawaja na fyace hanci kamar kakaki. Haj Shalabi da jiya yake neman wanda zai yanka ya durƙusa ya ɗago tsohon, ya sumbaci kansa, ya ce, "Haba Ammu, da ka tambaye ni. Doki ne, Allah ya kawo wani. Ba 'yan sanda, ba komai, na yafe." Mutane suka hau kabbara, ana Allah ya saka wa Haj.

Ni ma na yi ƙwalla, ba zan yi ƙarya ba. Sai da na juya na ga Haridi tsaye shi kaɗai, igiya na nan a hannunsa, ba wanda ya tuna ya kwance. Na zaro wuƙata na yanke ta, raina a ɓace.

Haj ya hango mu. "Yauwa, Haridi. Koma bakin aikinka, magana ta wuce."

Haridi yana murza wuyan hannunsa. "Ya Haj, in yi tambaya?"

"Yi."

"Ƙafar da ta karye jiya ita ce dai ta yau?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Jiya da ake cewa ni ne, gidan yari ne, matata a titi. Yau da aka ce shi ne, sumba ce a ka. Na ce ko wata goɗiyar ce daban."

Midhat ya buɗe baki, uban ya watsa masa harara ya rufe. Haridi ya juya wajen tsohon.

"Ammu, jiya da la'asar ka zo ka zauna a bakin ƙofar da aka kulle ni. Ka ce in yi haƙuri, Allah zai bayyana gaskiya. Na ji daɗi, na ce ashe akwai mutum ɗaya da ya yarda da ni."

Ammu Ashur ya rufe fuska da hannu biyu. "Na zo in faɗa maka ne, ɗana. Bakina ya ƙi."

"Da mai sandar nan bai zo ba fa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai, mu ma duk muka kawar da ido.

*

Da azahar Nabawiyya ta gama ɗaure kaya. Haj ya aiko a ce ɗakin nasu ne har abada, ya ƙara da alkawarin sabuwar riga. Matan layi suka zo da tiren shinkafa suna ta 'yar'uwa kaza 'yar'uwa kaza, ta karɓa ta ajiye a ƙasa ba ta buɗe ba. Na roƙi Haridi ya bari ya huce ko da mako guda ne.

"Usta, yarinyar nan ta ga an ɗaure ubanta a nan," in ji shi. "Kullum ta bi ta ƙofar nan sai ta gani."

Na dubi Abdulwanis ko zai sa baki. Ya girgiza kai. "Abin da ke ƙasa na iya karantawa, Usta. Wannan ba nawa ba ne."

Na kawo keken dokina don in kai su tasha. Har sun hau, Haridi ya ce in dakata, ya sauka ya shiga barga, na bi shi. Ammu Ashur na durƙushe a gindin goɗiyar yana canza mata laka. Da ta ji takun Haridi ta ɗago kai ta yi ƙaramar haniniya. Ya shafa goshinta ya daɗe, sannan ya ciro ragamarta daga ƙusa ya miƙa wa tsohon.

"Ba ta cin sha'ir sai an jiƙa. In za ta kwanta a juya ta ta ɓangaren bango, in ba haka ba za ta danne ƙafar. Kai ka karya ta, kai za ka yi jinyarta."

Ammu Ashur ya karɓa, ya riƙe hannunsa bai saki ba. "Ka yafe mini, ɗana, don girman Allah."

Haridi ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Kowa ya yafe maka yau, Ammu. Ni ban kai nan ba tukuna."

Ya zare hannunsa a hankali, ya fita ya hau keken, ya ɗora 'yarsa a cinya, ya ce mini mu tafi kada jirgi ya wuce.